Annabi Adamu da Ƙoƙon Kan da Aka Tono a Hamadar Chadi



A watan Yulin 2001, wasu mutum huɗu, Bafaranshe ɗaya da 'yan Chadi uku, suna kewaya hamadar Jurab da ke arewacin Chadi, idonsu a ƙasa, suna duba abin da iska ta tone daga cikin yashi. Ɗaya daga cikin 'yan Chadin, Ahounta Djimdoumalbaye, shi ne ya fara hango wani ƙoƙon kai da ya daɗe har ya zama dutse. Da masana suka yi awo, suka ce ya kai shekara miliyan 7. Mazaunin ƙwaƙwalwarsa bai fi na biri girma ba, amma fiƙoƙinsa ƙanana ne, kuma ramin da laka ke bi ta shiga kai yana can ƙasa, kusa da inda yake a halittar da ke tafiya a tsaye. Aka raɗa masa suna Tumai. Har gobe masana na musu a kan ko da ƙafa biyu yake tafiya, amma ƙasar Chadi ta yi alfahari da shi har ta sa wa kamfanin jiragen samanta sunansa.

To wannan ƙoƙon kai a maƙwabtanmu aka tono shi, kuma tambayar da yake tayarwa tamu ce. Musulmin da ya yi imani cewa Allah Ya halicci Annabi Adamu, alaihis salam, daga ƙasa, yaya zai yi da irin waɗannan ƙasusuwa? Shin abin da ake kira juyin halitta, wato cewa halittu suna sauyawa a hankali cikin dogon zamani kuma tushensu ɗaya, zai iya zama a zuciya guda da imani? Ba zan ja ku da nisa ba kafin in faɗi matsayina. Ina ganin za su iya zama tare, amma da iyaka, kuma iyakar tana kan Annabi Adamu. Sauran lokacin namu zan yi bayanin dalili.

Na san da yawa daga cikinku ransu ya riga ya ɓaci tun da na ambaci biri, kuma ban ga laifinku ba. Baƙar fata yana da dalilin jin zafin wannan magana fiye da kowa. A 1906, a gidan ajiye namun daji na Bronx da ke birnin New York, an saka wani ɗan Kwango mai suna Ota Benga a ɗakin birai, mutane suna tururuwa suna kallonsa. 'Yan mulkin mallaka sun yi amfani da sunan Darwin suka jera 'yan Adam hawa-hawa, suka ɗora kansu a sama, suka ajiye mu a ƙasa. Har yau ana jefa wa 'yan ƙwallonmu ayaba a filayen Turai. Wannan zalunci ne, kuma binciken ƙwayoyin halitta na zamanin nan shi da kansa ya ƙaryata shi, domin ya nuna 'yan Adam duka dangi ne na kusa ƙwarai, kuma a Afirka tushensu yake. Amma zaluncin da aka yi da sunan wani ilimi ba ya ɗauke mana nauyin duba ilimin.

Abin da Charles Darwin ya rubuta a littafinsa na 1859, ya kuma faɗaɗa shi zuwa kan mutum a 1871, ba shi ne cewa birin da muke gani a daji ya wayi gari ya zama mutum ba. Cewa ya yi 'ya'yan kowace halitta ba sa fitowa iri ɗaya sak. Waɗanda siffarsu ta fi dacewa da wurin zamansu su suka fi rayuwa su hayayyafa. Idan aka daɗe ana haka sai jinsin ya sauya, har ya rabu gida biyu. Game da mutum da wanda ya fi kusa da shi cikin biran nan manya, abin da masu wannan ilimi ke faɗa shi ne sun haɗa kaka a can baya, shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Darwin ya buɗe littafin nasa ne da maganar dabbobin gida da tantabaru, kuma kowane mai kiwon tantabara a Kano ko Zinder zai gane abin da yake nufi, haka ma Bafulatanin da ya san yadda aka yi bunaji ta bambanta da rahaji da bokoloji. Zaɓen wanda zai yi barbara ne ya kawo bambancin. Darwin ya ce abin da makiyayi ke yi da niyya cikin ƙarnuka kaɗan, yanayi na yin irinsa cikin miliyoyin shekaru.

Wannan sauyi kuwa muna ganinsa a gidajenmu. Manyanmu sun san lokacin da ƙwayar kulorokwin ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku. Daga baya ta daina aiki, har Najeriya ta sauya magani a 2005. Maganin yana nan yadda yake, ƙwayar cutar ce ta sauya: waɗanda maganin ke kashewa sun mutu, 'yan tsirarun da ke jure masa suka hayayyafa suka cika gari. Ga kuma sikila, wadda ta sa yanzu ake gwajin jini kafin a ɗaura aure. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Me ya sa abin da ke jawo wa yara irin wannan azaba ya yi yawa a ƙasashenmu, ya yi ƙaranci a ƙasashen sanyi? Wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna dalili a 1954: mai AS ya fi mai AA tsira daga maleriya mai tsanani. A inda sauro ya yi yawa, masu AS sun fi kai wa girma su haihu, sai abin ya yaɗu. Likitan da ya ƙi fahimtar wannan ba zai iya aikinsa da kyau ba.

Wani zai ce wannan ai ƙaramin sauyi ne, ƙwayar cuta ba ta tashi daga ƙwayar cuta ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa hujjar babban sauyi take zuwa daga wasu wurare. Akwai ƙasusuwa. A Habasha an tono ƙwarangwal ɗin da ake kira Lusi a 1974, mai shekara miliyan 3.2, kanta ƙarami, amma ƙugunta da gwiwarta na mai tafiya a tsaye ne. A Laetoli ta Tanzaniya, a 1978, an gano sawun ƙafa a cikin tokar dutse mai aman wuta da ta daskare, sawun masu tafiya da ƙafa biyu, shekara miliyan 3.6. A Jabal Irhud ta Maroko akwai ƙasusuwan da fuskarsu ta yi kusa da tamu, waɗanda aka auna a 2017 aka samu shekara kusan 300,000. Sannan akwai abin da ke cikin jininmu. Mutum yana da kuromozom tagwaye 23, manyan birai suna da 24. Da aka duba na biyu a jikin mutum, sai aka tarar guda biyu ne suka haɗe, kuma a 1991 aka gano mahaɗar a tsakiyarsa, da alamomin da a ka'ida a bakin kuromozom kaɗai ake samunsu. Duk wanda zai ce wannan ilimi shaci-faɗi ne, to ya fara bayanin waɗannan abubuwa tukuna.

Yanzu mu koma zaure. Duk wanda ya yi karatun tauhidi a ƙasar Hausa a gaban malam, akwai yiwuwar ya bi ta kan Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490. A nan aka koya mana cewa hukuncin hankali uku ne: wajibi, mustahili da ja'izi. Samuwar Allah wajibi ce. A ce Yana da abokin tarayya mustahili ne. Amma yadda zai yi halittarSa, ko farat ɗaya ko daki-daki, ko da sababi ko ba sababi, duk ja'izi ne a gare Shi, babu mai tilasta Masa ɗaya. A wannan makaranta aka koya mana cewa wuta ba ta ƙuna da ikon kanta, Allah ne ke halittar ƙunar a lokacin da wuta ta taɓa abu, bisa al'adar da Ya gudanar. Mutumin da ya riƙe wannan aƙida, me zai tsorata shi idan aka ce masa halittu sun sauya ta hanyar gado da zaɓen yanayi? Sai ya ce to, ashe haka Ubangijina Ya gudanar da al'adarSa.

Ai kullum muna haɗa biyun ba mu ji komai ba. Mace ta je awo, a nuna mata ɗan tayi a na'ura, likita ya gaya mata satinsa nawa da yadda gaɓoɓinsa ke fitowa, ta fito tana cewa Allah Ya ba ni rabo. Ba ta ga saɓani ba, domin babu shi. Haka ruwan sama: rana ta ɗaga tururi daga teku, iska ta kora gajimare, ruwa ya sauka, mu ce Allah Ya yi mana rahama. Kuma mun ga inda ƙin wannan haɗi ya kai mu. A hirar da BBC ta yi da Muhammad Yusuf, jagoran masu haramta boko, wadda aka yaɗa a 2009, abubuwan da ya lissafa a matsayin kafircin boko sun haɗa da cewa duniya a mulmule take, da cewa ruwan sama daga tururi yake, da ka'idar Darwin. Ba ina cewa duk mai shakkar Darwin ɗan wannan tafiya ba ne, Allah Ya kiyaye. Mafi yawan masu shakkar mutanen kirki ne masu kishin addini. Abin da nake cewa shi ne tunanin da ke ɗaukar bayanin sababi a matsayin kore Mahalicci tunani ne mai haɗari, kuma Borno da Yobe sun biya kuɗinsa da jini.

Game da dabbobi da tsirrai, maganar gajeriya ce. Alƙur'ani ya sanar da mu a Suratul Anbiya da Suratun Nur cewa daga ruwa aka yi masu rai, bai ba mu dalla-dallar yadda aka yi ba, bai kuma ce kowane jinsi an yi shi daban a rana guda ba. A Suratul Ankabut, aya ta 20, umarni ma aka yi a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda halitta ta faro. Masu cewa ai biri mutum ne da aka shafe, su tuna hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bayyana cewa waɗanda aka shafe ba su bar zuriya ba, kuma birai da aladu suna nan tun kafin su. Shekarun duniya ma babu aya ko ingantaccen hadisi da ya ƙayyade su. Lissafin shekara dubu shida da ake yawo da shi, wanda ya fi shahara da shi wani babban limamin coci ne a Ailan, James Ussher, wanda a 1650 ya ce an yi duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan kayan wasu ne, babu dalilin da za mu ɗauka mu ɗora a kanmu.

Inda gizo ke saƙar shi ne Annabi Adamu. A nan nassi bai yi shiru ba. An ambaci turɓaya, an ambaci yumɓu, an ambaci busasshen taɓo, an ambaci busa rai da sujadar mala'iku, kuma a Suratu Sad Allah Ya jingina halittarsa ga hannayenSa, girmamawar da ba a yi wa sauran halittu ba. Wasu masana Musulmi na wannan zamani, irin su Nidhal Guessoum ɗan Aljeriya da Rana Dajani 'yar Jodan, suna ganin juyin halitta ya haɗa har da mutum ba tare da togiya ba, a fahimci ayoyin ta wata fuska. Abdussabur Shahin na Masar ya wallafa littafinsa Abi Adam a 1998, inda ya ce an yi wasu halittu masu siffar mutane kafin Adamu, shi kuma aka zaɓe shi daga cikinsu aka ba shi hankali da ɗaukar nauyi. Har kotu aka kai shi a kan haka.

Ni wannan fahimta ba ta gamsar da ni ba, kuma aya ɗaya ce ta tsayar da ni: ta 59 a Suratu Ali Imrana. Malaman tafsiri sun ce ta sauka ne a kan tawagar Kiristocin Najran, waɗanda suka kafa hujja da cewa tunda Annabi Isa ba shi da uba, to ɗan Allah ne. Sai aka amsa musu da misalin Adamu. Ƙarfin wannan amsa yana kan cewa Adamu ba shi da uwa ba shi da uba, amma duk da haka bawa ne. In aka ce yana da iyaye, hujjar ta rushe. Don haka ni a nan na tsaya: Annabi Adamu halitta ce ta musamman, ba a haife shi ba.

To shin wannan bai ci karo da kimiyya ba? Ku yi tunani a kan Annabi Isa. Duk likitan duniya zai gaya maka ba a samun ciki sai da namiji, kuma gaskiya ya faɗa, haka al'ada take. Amma babu Musulmin da ya bar karatun likita saboda ya yi imani da haihuwar Annabi Isa, babu kuma wanda ya bar imanin saboda karatun likita. Kimiyya tana bayanin abin da ya saba gudana ne. Abin da ya keta al'ada sau ɗaya, ba ta da ma'aunin da za ta tabbatar da shi ko ta kore shi. Babu wani ƙashi da za a tono a ce wannan ya nuna ba a taɓa halittar wani mutum guda ba tare da iyaye ba. Mun san labarin Adamu ta hanyar wahayi, kamar yadda muka san labarin Isa.

Sai dai zan zama maha'inci idan na ce muku da wannan an gama. Akwai sauran wuri mai wuya, kuma gara ɗalibi ya ji shi daga bakin mai imani kafin ya ji daga bakin wanda ba shi da shi. Mutum biyu, miji da mata, ba za su iya ɗauke da fiye da nau'i huɗu na kowace ƙwayar gado ba. Amma a jikin 'yan Adam na yau akwai ƙwayoyin gado, musamman na garkuwar jiki, masu nau'o'i da yawan gaske, wasunsu tsofaffi ƙwarai har ana samun irinsu a jikin birai. Daga nan masana ke lissafin cewa kakanninmu ba su taɓa gaza dubbai ba. Bugu da ƙari, a 2010 Svante Pääbo da abokan aikinsa sun karanta ƙwayoyin halittar wasu mutanen da da ake kira Niyandatal, suka tarar Turawa da mutanen Asiya na ɗauke da kusan kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na gadonsu. A kan irin wannan aiki aka ba shi lambar Nobel a 2022.

Malamai biyu na wannan zamani sun yi ƙoƙari a nan, David Solomon Jalajel a littafinsa na 2009 da Shoaib Ahmed Malik a nasa na 2021. Abin da suka ce a taƙaice shi ne mu rarrabe abin da nassi ya tabbatar da abin da ya yi shiru a kai. Ya tabbatar cewa Adamu ba a haife shi ba, Hauwa'u daga gare shi take, kuma duk mutumin da ke raye yau zuriyarsu ne. Bai faɗi shekarar da aka sauko da Adamu ba. Bai ce babu wasu halittu masu kama da mutane a doron ƙasa a lokacin ba, bai kuma ce akwai ba. Bai yi magana a kan ko zuriyar Adamu ta cuɗanya da su ba. A inda ya yi shiru, Musulmi ba shi da ikon tabbatarwa ko korewa da sunan addini, sai ya bar wa masu bincike su faɗi abin da suka gani. Kuma tunanin cewa an yi wasu halittu a ƙasa kafin Adamu ba baƙo ba ne a tafsiri. Da mala'iku suka yi tambaya a Suratul Baƙara game da ɓarna da zubar da jini, malamai sun tambayi kansu daga ina mala'iku suka san haka, kuma Ɗabari ya kawo ruwayar cewa aljannu sun riga zama a ƙasa sun yi ɓarna.

Wasu malamai ba su yarda da maganar cuɗanyar ba, suna ganin ba ta dace da karamcin ɗan Adam ba. Suna da 'yancin haka. Ni ina ganin ita ce hanya mafi adalci da muke da ita zuwa yanzu, domin ba ta murɗe aya ba, ba ta kuma rufe ido ga abin da aka gani a ɗakin gwaji ba. In wani ya zo da wadda ta fi ta, marhabin.

Kuma barin tambaya a buɗe ba rauni ba ne a wajen magabata. Akwai hadisi a Bukhari da ya ce tsawon Annabi Adamu zira'i sittin ne, kuma halitta ba ta gushe tana raguwa ba. Da Hafizi Ibn Hajar, wanda ya rasu a 1449, ya zo sharhinsa a Fathul Bari, sai ya kawo wata matsala da kansa. Ya ce ga gidajen Samudawa nan da suka sassaƙa a duwatsu, mutanen da ne ƙwarai, amma gidajen ba su nuna masu su sun yi irin tsawon da lissafin zai bayar ba. Sannan ya faɗa a fili cewa har lokacin bai samu abin da zai warware masa wannan ba. Ku duba wannan malami. Bai jefar da hadisin ba, bai kuma ce gidajen ƙarya ne ba. Ya riƙe biyun, ya rubuta cewa bai gano ba, ya wuce. Wannan shi ne ladabin da muka rasa.

Tun kafin shi, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a gabatarwar Tahafutul Falasifa game da masu musun lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini. Ya ce wanda ya san lissafin, har yana iya faɗin ranar da husufi zai faru, in ka ce masa addini ya ƙaryata shi, ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. A ganinsa cutarwar mai kare addini ta gurguwar hanya ta fi ta mai sukarsa. Shi ma Shehu Husaini al-Jisr na Ɗarabulus ta Lebanon, da maganar Darwin ta iso ƙasashen Larabawa, ya rubuta Risalatul Hamidiyya a 1888. Ya ce hujjojin da ya gani a zamaninsa ba su kai yaƙini ba, amma in sun kai, babu abin da zai girgiza imani matuƙar an riƙe cewa Allah ne Mahalicci. Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya, Abdulhamid, karrama shi ya yi a kan littafin.

Abin takaici, ba waɗannan ne suka fi isowa hannun matasanmu ba. Abin da ya fi yawo shi ne littattafai da bidiyoyin Harun Yahya na Turkiyya, mutumin da ba malamin addini ba ne, ba kuma masanin halittu ba, wanda ya kwaso mafi yawan hujjojinsa daga wasu ƙungiyoyin Kiristocin Amurka da ke rigimarsu ta kare lissafin Baibul. A ƙaton littafinsa mai hotuna da aka rarraba kyauta a makarantun Turai a 2007, an samu hoton ƙwaron roba na kamun kifi, da ƙugiyarsa a jiki, an saka shi a matsayin ƙwaro mai rai. Yaron da aka gina imaninsa a kan irin wannan, ranar da ya gano, me kuke tsammani zai faru da shi?

A ɗaya ɓangaren ma akwai masu wuce gona da iri. Za ka ji ana cewa ai Jahiz da Ibn Khaldun sun riga Darwin. Gaskiya Jahiz ya yi magana a Kitabul Hayawan a kan yadda dabbobi ke cin juna da yadda wuri ke tasiri a jikinsu, Ibn Khaldun kuma ya jera halittu daraja-daraja daga ma'adinai zuwa mutum, amma wannan ba ita ce ka'idar Darwin ba, kuma ba ma bukatar ƙari a kan abin da suka faɗa kafin mu girmama su. Haka masu jin an ce masana sun gano "Hauwa'u" a ƙwayoyin halitta su yi ta murna. Laƙabi ne kawai aka ba wata mace da ta rayu cikin dubban mata 'yan zamaninta. Sannan ga waɗanda ke cewa tunda an gano yadda halittu ke sauyawa, to babu Mahalicci, irin su Richard Dawkins. Wannan magana ba a ɗakin gwaji aka auno ta ba, ra'ayinsa ne na falsafa ya jingina wa kimiyya. Da ita kam babu sulhu, kuma Musulmi ya ƙi ta kai tsaye ba tare da ya ƙi ilimin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne 'ya'yanmu. Juyin halitta yana cikin manhajar Bayoloji ta ajin ƙarshe na sakandare, yana fitowa a jarrabawar WAEC da NECO. Sau da yawa malamin aji yakan karanta shi da sauri, ya ce ku rubuta don ku ci jarrabawa amma kada ku yarda. Yaron ya je Islamiyya da yamma ya tambaya, a daka masa tsawa. To me muka koya masa? Mun koya masa ya rubuta abin da yake ganin ƙarya ne don ya samu maki, mun kuma nuna masa cewa addininsa na tsoron tambaya. Daga nan sai waya, inda waɗanda za su amsa masa da sakin fuska su ne masu son raba shi da sallah. A Landan, a 2011, wani limami mai suna Usama Hasan ya sha barazanar kisa saboda ya yi lacca a kan wannan batu. Ko da ya yi kuskure, amsar kuskure hujja ce. Kafirta mutumin da ke sallah, yake kuma ƙoƙarin fahimtar aya, abu ne mai nauyin gaske, ba aikin 'yan Facebook ba ne.

Don haka ina roƙon malamanmu na zaure da na mumbari, Allah Ya ƙara muku lafiya, kafin ku yi fatawa a kan wannan batu ku zauna da malaman Bayoloji na jami'o'inmu, Musulmi ne da yawansu, almajiranku ne, su nuna muku abin da aka gani da yadda aka auna shi. Ku kuma malaman kimiyya, ku koyar da darasin yadda yake, ku gaya wa ɗalibai inda iyakar awonku ta tsaya. Iyaye kuma, in yaro ya zo da wannan tambaya, kada a kore shi. A zaunar da shi, in ba a san amsa ba a kai shi wurin wanda ya sani.